Tambayi Makanike: motar aiki za ta iya jan tirelar dawaki?

Watan Gani ya ƙarato, shi ya sa wasiƙun wannan makon suka taru a kan dawaki da mota. Na zaɓi huɗu. Ta farko ce za ta ci mafi yawan filin, don sauran ukun duk suna da hannu a cikinta.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a nan Kano. Ina jan Hiace ta kaya, wadda ba kujeru a baya, injin dizal, giyar hannu, kuma a ƙofar gidana take kwana. Kawuna yana da dawaki biyu, akawal da kili, zai kai su Daura hawan Sallar Gani. Bara ya sayo tirelar dawaki 'yar Kwatano, ƙirar Ifor Williams mai taya huɗu, mai ɗaukar doki biyu, sai motar da yake ja da ita ta kwanta. Ya ce in zo da tawa, mai walda zai liƙa mana ƙugiya a baya, mu tafi mu dawo kafin Litinin. Motar nan ina loda mata katan-katan har rufi, ta je Gusau ta dawo ko tari ba ta yi, don haka ƙarfi ba matsala ba ne. Abin da nake so in sani, akwai abin da zai lalace mata? Ba na so maigidana ya ga alama.
*Direba, daga Kurna, Kano*

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara daga inda ka ƙare. Maigidanka zai ga alama. Walda a bayan mota ba ta ɓuya, fenti zai ƙone, kuma kamfanonin rarraba kaya da dama sun sa wa motocinsu na'urar da ke nuna inda mota take, ranar Litinin za a tambaye ka me ya kai ka Kazaure. Amma ko ba na'ura, motar amana ce a hannunka. In Allah ya kiyaye tirela ta kwance ta bugi mai babur a Dambatta, inshorar kamfani an yanke ta ne a kan aikin kamfani da kayan kamfani. Za a juya a dube ka, kai da albashinka, kawu kuma zai ce shi roƙo ya yi, bai tilasta ka ba. Ka je ka sami maigidanka ka gaya masa gaskiya. In ya yarda, ya rubuta maka, ko da saƙon waya ne, ya kuma tambayi masu inshorarsa ko takardarsu ta yarda da ja. In ya ƙi, ka huta, ka sami abin gaya wa kawu ba tare da zumunci ya ɓaci ba.

To a ce ya yarda. Sai mu zo kan maganar ƙarfi, inda kusan kowane direba yake ruɗuwa. Injin motarka zai ja tirelar, ban yi musu ba. Ko Keke Napep ka ɗaura wa ita a kan kwalta mai laushi, za ta motsa. Abin da nake tambaya shi ne, wa zai tsayar da ita, wa zai riƙe ta a kwana? Katan ɗin taliya yana zaune a kan tayoyinka huɗu, yana danne su a ƙasa, birkinka yana samun abin kamawa. Tirela kuwa tana bayanka ne, a kan mahaɗa guda ɗaya, in ka taka birki ture ka take yi. Lodin ciki da lodin ja lissafinsu daban, kuma masu ƙera mota sun rubuta kowanne daban.

Ga yadda za ka duba. Motocin kaya da aka ƙera wa kasuwar Turai, irin Sprinter da Transit da Boxer, suna da ɗan allon ƙarfe ko takarda a jikin dogaran ƙofar direba, ko a gindin kujera, ko a ɗakin inji. Za ka ga lambobi huɗu a jere, misali 3500, sai 5500, sai 1-1650, sai 2-2250. Na farko shi ne iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta. Na biyu shi ne iyakar mota da tirela a haɗe. Na uku da na huɗu iyakar abin da tayoyin gaba da na baya za su ɗauka. Ka cire na farko daga na biyu, a wannan misali ya ba ka kilo 2,000, shi ne abin da za ta ja tana cike da lodi. Hiace ɗinmu da yawa daga Japan ko Dubai suka zo, sau da yawa ba a rubuta lamba ta biyun a jikinsu. A ƙasashen da Toyota ta fitar da adadi, irin su Ostireliya, Hiace ta kaya ƙirar da muke kira Homa an ba ta kilo 1,400 in tirelar tana da birki. Ka riƙe wannan lambar.

Yanzu tirelar kawu. Ifor Williams mai doki biyu, ƙaramar, wato HB506, nauyinta ba komai a ciki wajen kilo 920 ne. Babbar, HB511, wajen 1,000. Dawakinmu na Arewa ba su kai na Turawa jiki ba, galibi tsakanin kilo 300 zuwa 400, dokin hawan sallah da ya sha dawa da dusa yana kusa da na saman. In kana son ka san nauyin naku, ba sai da sikeli ba. Ɗauki tef ɗin tela, auna zagayen ƙirjinsa inda majanyi yake zama, sannan auna tsawonsa daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, duk da santimita. Ninka zagayen da kansa, ninka da tsawon, raba da 11,880. Dokin da ƙirjinsa ya ba da 165, tsawonsa 145, zai fito kilo 332 ko kusa da haka. Mu ɗauka akawal da kili kowanne 370 ne. Biyu 740. Haɗa da 920, ka sami 1,660, ba a sa ragar harawa ba, ba a sa ruwa ba. Ka wuce 1,400 da kilo 260. Doki ɗaya kuwa 1,290, yana ciki, amma da ƙyar.

Kuma na san tafiyar hawa. Ba dawaki kaɗai ke tafiya ba. Akwai sirdi biyu da jalala da kayan ado, buhun dawa, jarkokin ruwa, tukunya, sai muri, sai zagage, sai yaran unguwa da za su ce a rage musu hanya. Mutum shida a bayan mota sun haura kilo 400. Duk wannan yana shiga lissafin mota da tirela a haɗe. A motar da ba kujeru kuma bai kamata a zuba mutane ba tun farko, amma wannan wani karatu ne.

Saboda haka amsata a kan dawaki biyu da Hiace ita ce a'a. Ba don za ta mutu a hanya ba, wataƙila ma ku je ku dawo lafiya, mutane suna yin abin da ya fi haka suna tsira. Daga Kano zuwa Daura bai kai kilomita 150 ba, amma hanya ce ta kasuwanni da 'yan acaba da garken shanu. Ranar da saniya ta faɗo maka titi bayan Dambatta, kilo 260 ɗin nan su ne tsakanin tsayawa da rashin tsayawa.

Ka tambayi abin da zai lalace. Kuloci ne farko. Tashi da nauyi daga tsaye, musamman ribas a cikin yashin ƙofar barga, yana cin falantin kuloci a yini ɗaya abin da wata guda na aikin kamfani ba ya ci, za ka ji ƙaurinsa tun kana kujera. Sai zafi. Injin Hiace a ƙarƙashin direba yake, iska ba ta wadace shi kamar motar da ke da dogon hanci ba, in lagireto yana da datti allura za ta fara hawa a kan doguwar hanya. Sai birkin gaba, sai sifirin da shokozoba na baya. Wanda tasa otomatik ce kuma man giya ne ke dahuwa, shi ya sa masu ja da irin waɗannan suke ƙara wa giyar ɗan lagireto nata.

Maganar mai walda kuwa, don Allah ku bar ta. Ƙugiyar ja ta gaskiya ƙarfe ne da aka ƙera wa wannan motar musamman, ana ɗaure shi da manyan notuna a ramukan da kamfani ya tanada a jikin shasi, nauyin ya rarrabu hagu da dama. Bayan Hiace ƙarfe ne mara kauri da aka naɗe. In aka kunna masa wuta, gefen waldar yana yin rauni, kuma ba ranar farko yake tsagewa ba, sai ramukan hanya sun yi ta jijjiga shi. Bamba da matakalar baya ba wurin ja ba ne ko kaɗan. Ita ƙugiyar ta gaske tana zuwa da ɗan allonta mai nuna nauyin da za ta ja da wanda zai danna ta daga sama. Ana samunsu a wurin masu kayan gwanjon motocin Turai, sai dai a tabbatar ta irin motar ce.

Ga wani abu da yake kashe dawaki a banza. Ƙwallon ƙarfen da bakin tirela yake kamawa ba girmansa ɗaya ba. Na Turai milimita 50 ne, kuma shi tirelar kawu take so. Na Amurka akwai mai inci 2, wanda ya ɗan fi shi, akwai kuma ƙarami mai wajen milimita 48. A ido duk ɗaya suke. In ka ɗora bakin Turai a kan ƙaramin, zai zauna, zai yi kamar ya kulle, ramin farko mai kyau zai tsallake ya fita. Ana buga girman a saman ƙwallon, a goge a karanta. Bayan an haɗa kuma, a murɗa ƙaramar tayar da ke gaban tirelar ƙasa har bayan motar ya fara ɗagawa. In ya ɗaga tare da tirela, ta kama. Tsayin ƙwallon daga ƙasa, mota na da lodi, ya zama tsakanin santimita 35 zuwa 42, don tirelar ta tsaya daidai a kan tayoyinta huɗu. In hancinta ya kalli sama, tayoyin baya ne kaɗai ke aiki, daga nan rawa take farawa.

Abin da zan ba kawu shawara: ya nemi aron Hilux ko Land Cruiser mai ƙugiyar kamfani, Hilux ta zamani tana ja daga kilo 2,500 zuwa 3,500 gwargwadon ƙirarta. Ko ya yi abin da masu dawaki suka saba, ya ɗauki shatar Kanta, a zuba yashi da ƙaiƙayi a ƙasa, a gitta itace tsakanin dawakin, a loda su a bakin tudu. Ba ta da kyan gani kamar tirelar Turawa, amma nauyin yana kan motar da aka yi don nauyi. In kuwa maigidanka ya yarda, an sami ƙugiya ta gaske, to doki ɗaya, mutum biyu a gaba, kayan hawa a shimfiɗe daidai kan tayoyin baya, ɗayan dokin ya bi wata motar.

Tambaya: Malam, ni J5 gare ni, tawa ce, ina dakon tumatir da albasa. Akwai wani maƙerin ƙofofi a garinmu da ya ce zai haɗa mini tirelar doki ɗaya da ƙafar tsohuwar mota, a kuɗin da bai kai rubu'in 'yar Kwatano ba. Ina so in riƙa kai dokina sukuwa ƙauyukan kusa. Me ka gani?
*Mai J5, daga Gumel*

Amsa: Alhaji, ban raina maƙeranmu ba. Mutanen da suke ƙera bodin Kanta da amalanken shanu da ke shekara goma suna aiki ba za a koya musu walda ba. Inda nake jin tsoro wuri ɗaya ne, birki. Tirelar da aka haɗa da ƙafar tsohuwar mota kusan kullum ba ta da birki, taya ce kawai ke juyawa. A Turai doka ta tsayar da tirela mara birki a kilo 750 ita da kayanta, kuma ba don son takura ba ne, daga nan ne birkin mota shi kaɗai yake fara gazawa. Dokinka 350 ne ko fiye. Akwatin da zai riƙe doki, da ƙarfen da maƙeri zai sa don kada a ce aikinsa ba ƙwari, da wuya ya gaza 500. Kun wuce tun ba a sa guga ba.

Birkin tirelar Turawa ba wani sihiri ba ne. Bakinta yana zamewa ciki da waje a kan sanda. In mota ta rage gudu, tirela ta turo, sandar ta shige ciki, ta ja waya, wayar ta buɗe takalman birki a tayoyin. Iyakar turawa, iyakar kamu. Akwai kuma wata siririyar waya da ake maƙalawa a jikin mota, in tirela ta kwance wayar ta finciko birkin hannu kafin ta tsinke, tirelar ta tsaya ita kaɗai maimakon ta bi kasuwa. Ana samun wannan baki da ƙafafunsa a gwanjo, daga tsofaffin tirelolin janareta da na kwamfaresa da kamfanonin gine-gine suka yar. In maƙerinka zai gina akwatinsa a kan irin wannan, na sa albarka. Kuɗin zai ƙaru, amma har yanzu bai kai na Kwatano ba.

Ka gaya masa abu uku. Ƙasan ya zama ƙasa-ƙasa, don doki dogo ne, nauyinsa a sama yake, duk santimitar da aka ɗaga shi tana ƙara wa tirela son kifewa. Tayoyin su ɗan koma baya kaɗan daga tsakiya, yadda in doki ya shiga, bakin zai danna ƙwallo da abin da bai gaza kilo 50 ba, bai kuma wuce abin da aka rubuta a ƙugiyar ba. Gwada wannan da sikelin da ake auna mutum: ajiye shi a ƙasa, tsayar da guntun katako a kai daidai tsayin ƙwallo, sauke bakin tirela a kan katakon, karanta. In ka ga bakin yana tashi da hannu ɗaya doki na ciki, kada ka fita da ita. Na uku, ciki ya zama sumul, ba kan ƙusa, ba leɓen kwano, ba ramin da kofato zai shiga.

Ita J5 kuma, ka tuna tayoyin gaba ne ke ja. Duk nauyin da ya danna bayanta yana sauƙaƙa gabanta, a yashin filin sukuwa za ka ga taya na juyawa mota na tsaye. Kuma Peugeot ta daina ƙera ta tun farkon shekarun 1990, Boxer ta gaje ta, wato wadda ta fi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara 30. Kafin a ɗaura komai, a shiga ƙarƙashinta da guduma a ƙwanƙwasa inda ƙugiya za ta zauna. Ruwan tumatir ba ya barin ƙarfe lafiya.

Tambaya: Malam, maigidana ya rasu ya bar wa yaranmu dokin folo ɗaya da tirela, da kuma Sprinter da muke kai kayan shagonmu. Ɗana babba ne zai riƙa kai dokin Kaduna da Katsina in ana wasa. Ya iya mota amma bai taɓa jan komai ba, hankalina bai kwanta ba. Me zan sa shi ya kiyaye?
*Wata uwa, daga Zariya*

Amsa: Allah ya jiƙan maigida, Hajiya, ya albarkaci abin da ya bari. Ta fuskar nauyi kun fi masu tambayar baya sa'a, Sprinter mafi ƙanƙantar abin da ake ba yawancinsu kilo 2,000 ne, dokin folo ɗan Ajantina kuma 400 zuwa 500, da tirela ba za su kai ba. A dai duba allon kamar yadda na bayyana a sama. Damuwata a nan tirelar ce da yaron.

Tirelar da ta daɗe a ajiye, a fara da ƙasanta. A ɗage robar shimfiɗa, a sa sukuddireba a caccaki katakon, musamman kusurwoyin baya inda fitsari ke taruwa da gefen da gara ke bi. In ya nutse, a sake shi duka. Ƙafar doki ta ɓurma ƙasa mota na gudu, direba ba zai ji ba, kuma abin da ake tararwa in an tsaya ba na faɗa a mujalla ba ne. Sai taya. Tayar tirela ba ta suɗewa, tsufa take yi, za a gan ta da zane kamar sabuwa alhali rana ta gama da ita. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Wadda ta haura shekara biyar zuwa shida a zafinmu, a canza, a sa mai harafin C irin ta motocin kaya. Iskarta ta fi ta ƙaramar mota nesa, a bi abin da aka rubuta a jikin tirelar, kada mai faci ya sa da ka. A buɗe boris a sa giris, a ɗaga kowace taya da jak a ja birkin hannu a ga ta kama. A gwada fitilun birki da sigina, don in Sprinter ta ja tirela fitilunta sun ɓuya, na bayanku ba abin da yake gani sai na tirelar.

Shi kuma yaro, ya ɗauke ta ba doki ya je fili ya yi ta ribas har hannunsa ya faɗa. Sannan, in akwai filin da ba jama'a, ya shiga cikin tirelar ya tsaya, hannuwa a aljihu, wani ya ja shi a hankali ya sha kwana ya taka birki. Minti biyar sun isa. Doki haka yake tafiyar gaba ɗaya, a tsaye, ba abin riƙewa, bai san kwana na zuwa ba sai ta zo. Wanda ya ɗanɗana wannan ba sai an ce masa ya rage gudu ba. Ya gama taka birki kafin ya shiga kwana, kada ya ƙara wuta sai tirelar ma ta miƙe, ya bar tazara ninki biyu na yadda ya saba. Ni a hanyoyinmu ba na son mai doki ya wuce kilomita 70 a awa, a gargada kuma ya koma tafiyar ƙafa. In ya ji tirela ta fara rawa hagu da dama, yawanci bayan babbar mota ta wuce shi ko a gangara, ya ɗage ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari a miƙe, ya bar gudun ya mutu da kansa. Kada ya danna birki da ƙarfi, kada ya ce zai gyara da sitiyari, kada kuma ya saurari masu cewa a ƙara wuta.

Doki ɗaya a tirelar doki biyu, a sa shi a hagu, ɓangaren direba. Titi tsakiyarsa ta fi gefensa tudu, mu kuma dama muke bi, nauyi a hagu yana riƙe tirelar kada ta rinjaya zuwa kwalbati. A rufe sandar baya kafin a ɗaure ragama, in za a sauke kuma a kwance ragama kafin a buɗe sandar, dokin da ya ji baya a buɗe kansa a ɗaure zai fizga ya ji wa kansa ciwo. Igiyar ta zama da saki yadda zai iya sunkuyar da kai ya yi furji, dokin da aka ɗaure kansa sama tsawon tafiya yakan sauka da zazzaɓi da ciwon huhu. A cire dabaibayi, yana bukatar ware ƙafafu. A buɗe duk tagogin iska, a duba inda salansa take fesa hayaƙi, in tana kallon hancin tirela a karkatar da ita gefe. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a tashi bayan asuba ko a bari sai la'asar sakaliya, akwatin nan in ya tsaya a cunkoso tanda ne. Ku tafi da ruwan gida, wasu dawakin ba sa shan baƙon ruwa, a tsaya duk bayan awa biyu ko uku a miƙa masa guga, a taɓa cibiyar kowace taya da bayan hannu, wadda ta fi sauran zafi tana da magana. Muri ya zauna a gaba tare da direba, ba a cikin tirela ba.

Tambaya: Ina zaune a Ingila, ina aiki da kamfanin gyaran gidaje, sun ba ni Transit. 'Yata tana koyon hawa, muna so mu riƙa kai ɗan dokinta gasa ranar Asabar. Lasisina na ƙaramar mota ne. Ya halatta?
*Ɗan Katsina, daga Birmingham*

Amsa: Ta fuskar lasisi ba ka da matsala. Tun 16 ga Disamba 2021 mai lasisin ƙaramar mota a Ingila da Sikotland da Wales yana iya jan tirela har mai kilo 3,500 ba sai ya sake jarrabawa ba, muddin motar kanta an ba ta wannan nauyin. Gudunka mil 60 a babbar hanya, mil 50 a hanya mai hannu biyu ba shinge a tsakiya, kuma layin dama na ƙarshe a babbar hanya mai layi uku ba naka ba ne. Dokin ya tafi da fasfonsa, a can kowane doki yana da shi, kuma tunda hagu kuke bi, a dama za ka sa shi.

Inda za ka yi hattara shi ne kasancewarta motar kamfani. Da yawa ana ba da su ne don aiki da zuwa gida kawai, inshorarsu ba ta rufe yawon Asabar ba, balle ja. In kamfani ya yarda ka yi harkar kanka da ita, hukumar haraji tana ɗaukar wannan a matsayin ƙarin albashi, za a caje ka a kai. Akwai kuma maganar na'urar da ke rubuta awannin tuƙi: mota da tirela in iyakar nauyinsu a haɗe ta wuce tan 3.5, kuma tafiyar ta kasuwanci ce, doka tana neman ta. Kai dokin 'yarka gasa don nishaɗi bai shiga ciki ba, amma motar da sunan kamfani ke rubuce a jikinta jami'an hanya za su iya tsayar da ita su tambaya, don haka ka ajiye takardar izinin kamfani a cikin motar. Ka kuma sauke kayan aiki kafin ka haɗa tirela, akwatunan ƙarfe da tsani da buhunan siminti da ke kwana a bayan irin motarku sukan cinye rabin nauyin da aka ba ta.